Ni Rabin Farko, Shi Rabin Ƙarshe

Kafin in faɗi ra'ayina a kan finafinan da na kalla bana, gara in fito da gaskiya tun da wuri: babu ko ɗaya da na ga ƙarshensa. Rabin farko nake kallo. Duk wanda yake ganin wannan ya hana ni yanke hukunci, ya zo Sharada ya faɗa mini ido da ido, amma ya tsaya ta kunnen dama, na hagun ya yi ritaya. Aji huɗu na yi a firamare, sannan na yi shekara ashirin da 'yan kai a gaban injin saƙa. Mutumin da ya san yadi, kamu ɗaya zai murza tsakanin yatsunsa ya gaya maka halin bandirin gaba ɗaya.

Rabin ƙarshen kuwa na abokina ne, kuma saboda shi nake wannan rubutu, don a banan ne aka zo za a ɗauke mini shi.

Mutumin Filato ne, Kirista, gajere mai faɗin kafaɗa. Wata guda aka ɗauke mu aiki a wata masaƙa a nan Sharada, aka ba mu layin injuna ɗaya, ni aikin safe, shi aikin rana. Ni ina ce masa Na-Rana, shi yana ce mini Na-Safe, har 'ya'yanmu suka tashi suna zaton sunayen yankanmu ke nan. Ƙarfe biyu jiniya za ta yi kuka, ya shigo yana cusa auduga a kunne, in miƙa masa aiki. Minti goma muke haɗuwa a yini. Ku lissafa minti goma sau shekara ashirin, ni aji huɗu bai kai ni nan ba.

A ɗakin saƙa ba a jin magana, ko da baki a kan kunne. Da hannu ake yi, da kallon leɓe. A haɗa yatsa biyu a raba su, zare ya tsinke. A dafa ƙirji sau biyu, komai lafiya. A shafa haɓa, heluma, wato shugaban aiki, na tafe, don helumanmu mai gemu ne. A yi almakashi da yatsu, bandir ya cika, a yanke. Dokokin wurin kuma biyu ne da ba a rubuta ba: ba ka barin inji sai mai karɓarka ya zo, kuma ba a tsayar da inji haka kawai.

Da masaƙar ta rufe, ni na koma kamfanin fata a Challawa, inda na riƙa dawowa gida da warin da ya sa Hajiya, mai ɗakina, ta ware mini bokiti da sabulu nawa ni kaɗai. Shi kuma ya yi gadi a wani kamfanin robobi a Bompai, har jinsa ya ƙarasa tafiya gaba ɗaya. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ya zauna shi kaɗai a ɗaki da falo a bayan Sharada, ba mai masa magana, don mutane sun gaji da ihu. 'Yarsa, wadda nas ce a wani asibiti can Filato, ta sayo masa waya mai faɗi kamar faranti, ta kai wa masu tura finafinai suka cika ta.

Ranar farko gaisuwa ce kawai ta kai ni. Muka jingina wayar da gwangwanin madara, muka kunna. Ban yi minti goma ba na waiwayo, mutumina ya yi barci. Jikinsa na rana ne, kafin ƙarfe biyu ba mutum ba ne. Na kalli abina. Da aka kira azahar na taɓa kafaɗarsa, sai na ga hannuwana suna aiki ba da izinina ba: wannan ne akta, wancan mai tabo a goshi ne bos, tsakanin akta da budurwar zare ya tsinke, uban yarinyar kuma, na shafa haɓa. Ya miƙe zaune, ya gyara hula, ya dafa ƙirji sau biyu. Ya karɓa.

Na je masallaci na dawo, na ci ɗanwaken da Hajiya ta ƙunso mini, barci ya kwashe ni a kujera. Da la'asar ya tashe ni ya miƙa mini ƙarshen, rabi da hannu, rabi da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi. Haka aka kafa. In na Indiya ne mu kunna sha biyu da rabi, in na Turawa ne ƙarfe ɗaya, don tsakiyar ya faɗo daidai kan ƙarfe biyu. Juma'a da Lahadi hutun inji.

Wani zuwa da 'yarsa ta yi ta tarar da mu a haka, ta tsaya tana kallonmu da jaka a kafaɗa.

"Baba," ni take nufi, don ni ma Baba take ce mini, "ai ana tsayar da shi. Nan za ku danna, ku je ku yi sallarku ku dawo, ku kalla tare."

Na fassara wa ubanta. Ya dube ta kamar ta zagi mamaci.

"A tsayar? Me ya lalace?"

"Babu abin da ya lalace."

"To a kan me za a tsayar?"

Ta ce kuma ana iya mayar da shi baya. Na ce mata 'yata, yadin da ya nannaɗu a kan ƙarfe ba a warware shi don wani ya yi gyangyaɗi. Ta yi dariya har da zama a ƙasa. Da ta gama dariyar ne ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta kama gida mai ɗaki uku kusa da asibitinsu. Titin Sharada tireloli ne dare da rana, ubanta kuma ba ya jin hon. Kafin damina ta sauka za ta zo da mota ta tafi da shi.

Na ce Allah ya kai mu. A zuciyata na ce mu gani.

To ga hukuncin da na yi alkawari.

Finafinan faɗa na Turawa, ban raina ƙarfin 'yan wasan ba, amma ba su da tarbiyyar aiki. Uku muka kalla, kuma a biyu daga ciki an kai dambe cikin kamfani. Injuna na juyi, sarƙoƙi na lilo, tururi na fita, babu ma'aikaci ko ɗaya a wurin. Ina mai aikin? Wa ya bar inji? Akta ya jefa mutum cikin injin niƙa, injin ya haɗiye shi bai ko yi tari ba. Mu ɗankwali ya taɓa faɗa wa namu, sai da aka yi yini ana kwance shi. Na-Rana ya ce a ƙarshe kamfanin duka ya kama da wuta, akta ya fito yana tafiya a hankali bai waiwaya ba. Na ce dole, ba shi ne zai zauna a gida babu aiki ba.

Na ban tsoro kuwa, ban ga abin tsoron ba. Wasu Turawa sun tare a wani tsohon gida, sai wuta ta ɗauke, matar ta fasa ihu. A kan ɗauke wuta! Da haka ake yi, da mutanen Na'ibawa ba su da sauran murya. Sannan ana jin motsi a ɗakin ƙasa, maigidan ya ɗauki tocila ya sauka shi kaɗai, ba addu'a, ba maƙwabci. Na miƙa aiki na ce wa Na-Rana wannan mutumin ba zai kai la'asar ba. Bai kai ba. Shi Na-Rana ma ya fi ni rashin tsoro, don ashe duk tsoron a cikin kiɗan yake. Ya ce shi abin da ya gani, mutane ne suna yawo cikin gida suna buɗe ƙofofi kamar masu neman haya.

Na 'yan China masu tashi sama, wannan na ba shi maki. Akwai ladabi. Yaro zai yi shekara yana ɗibar wa malaminsa ruwa kafin a koya masa naushi ɗaya, kamar yadda na yi wata shida ina share auduga kafin a bar ni in ƙulla zare. Abin da ban yarda da shi ba, mutum talatin su zagaye mutum ɗaya amma su riƙa zuwa ɗai-ɗai kamar masu karɓar katin asibiti.

Na Indiya nan ne muka yi saɓani. Ni ina so, saboda yadi. A waƙa ɗaya yarinya za ta canza kaya sau shida, ni kuma in matso da fuska kusa da wayar in ga wanne ne saƙar kirki, wanne ne zai koɗe a wanki biyu. Saurayin dai kullum ɗan mai kamfani ne, amma ban taɓa ganin ya shiga aiki ba, sai gudu a kan duwatsu da hannu a buɗe. Shi Na-Rana haushi suke ba shi. An ɗora musu fassarar Hausa, ni ina ji, shi kuwa leɓe yake karantawa, leɓen kuma yana can yana wani yare.

"Bakinsu ba ya faɗin komai!" in ji shi. "Kamar akuya na tuƙa."

Shi ya sa ya fi son namu na Hausa. Mutane su zauna a falo a kan manyan kujeru, fuska ta cika waya, su yi ta magana, shi kuma yana kwashe ta tas daga leɓensu. Ni ƙorafina ɗaya ne: ko ina suke samun kujerun nan, tunda ba mai fita nema? Amma na ga Na-Rana yana dariya shi kaɗai wata rana da na farka da wuri, har yana amsa wa wani tsoho a ciki magana. Na mayar da idona na rufe. Wannan fim ɗin na ba shi maki cikakke, ban ma san yadda ya ƙare ba.

Muna cikin haka zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa ta gabas yana watsewa. Damina ta kusa. Sai na yi dabara. Na ɗauki wayar tasa, na je shagon mai tura finafinai na ce ya ba ni wanda ya fi kowanne tsawo.

"Alhaji, akwai mai dogon zango, kashi ɗari biyu da wani abu."

"Babu wanda ya fi shi?"

"Alhaji, lafiya?"

"Zuba shi."

Labarin wasu masu kuɗi ne a gidan bene, da ɗansu da ya ɓata tun yana jariri. Ra'ayina a kansa gajere ne: ban taɓa ganin aikin da ake yi da ƙwazo haka ba tare da an saƙa komai ba. A kashi guda mace za ta sauko daga bene, a nuna fuskarta, a nuna fuskar surukarta, a nuna fuskar direba, a sake nuna tata, kashi ya ƙare. Kashi biyu muke ci a yini, ɗaya nawa ɗaya nasa. Da hakan sai mu kai ƙarshen daminar.

Dabarar ta ci. 'Yar ta zo da mota ranar wata Asabar, ubanta ya ce ba ya tafiya, akwai aiki a kan inji. Ta yi lallashi, ta rubuta masa a takarda, ya ture. Ta fito ta same ni a ƙofa, idonta ya kaɗa.

"Baba, kashi nawa ne abin nan?"

"'Yata, ni aji huɗu na yi."

"Baba."

Na kalli takalmina. Ta ce za ta dawo bayan sati biyu, ta shiga mota. Ban ji daɗin kallon da ta yi mini ba, amma na koma gida ina jin kaina kamar akta. Hajiya ta ce, "Malam, kai ne bos ɗin, ba ka sani ba." Na ce ta juyo ta kunnen dama. Ta ce ta dama take.

Ranar Litinin da ta biyo, bayan la'asar, ya rako ni bakin titi kamar kullum. Ya ce bari ya tsallaka ya sayo lemo. Ina tsaye ina neman adaidaita sahu, sai ga tirela ta fito daga ƙofar wani kamfani da kaya har sama, direba na danna hon kamar zai fasa shi. Kowa ya ji. Na-Rana yana tsakiyar titi yana laluben aljihu.

Na ƙwala masa kira. Sannan na ga hannuwana a sama suna yi masa alamar tsaya, tsaya, alamar da bai taɓa saɓa wa ba shekara ashirin. Bayansa nake yi wa. Ban taɓa lura ba sai ranar, maganarmu duka sai an fuskanci juna.

Wani mai faci da ke gefen titin ne ya yi tsalle ya fizgo shi ta wuyan riga. Tirelar ta wuce, iskarta ta ɗauke masa hula. Ya tashi yana kakkaɓe gwiwa, yana yi wa mai facin faɗa a kan rigarsa. Da ya juyo ya hango ni, sai ya dafa ƙirji sau biyu, da alamar tambaya a fuskarsa: lafiya? Ni kuwa sai na zauna a kan tayar mai faci.

Washegari ban ci ɗanwake ba. Ƙarfe biyu na tashe shi, na tsaya a gabansa sosai, na yi almakashi da yatsu. Bandir ya cika. A yanke.

Ya dube ni, ya dubi wayar da ke jingine da gwangwani, inda matar nan take kan saukowa daga bene.

"Ƙarya kake, Na-Safe. Ko yaron ba a gano ba."

Na sake yin almakashi.

"Ka ɗauka ban sani ba? Na je wurin mai shagon tun satin farko. Ya ƙirga mini tsawon fim ɗin da yatsu har yatsun suka ƙare, ya ari na maƙwabcinsa."

Na tambaye shi da hannu, to me ya sa ka yi shiru?

"Aiki aka miƙo mini," in ji shi, wannan karon a hankali, irin muryar da ban san yana da sauranta ba. "In na tafi wa zai karɓe ka?"

Na nuna ƙirjina, na nuna safe, na nuna rana. Ni zan haɗa duka biyun.

"Kai? Kai da kake barci da ɗanwake a baki?"

Na ce ko ma mene ne, ya tafi. Na kwatanta masa tirela da hannu biyu, na nuna masa inda ta bi da inda yake tsaye, tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon tazarar nan tsakanin hannuwana. Ranar dai na makara azahar, kuma kashi guda ya wuce ba wanda ya kalla, ba mu kuma mayar da shi baya ba.

Da 'yar ta dawo ta tarar ya ɗaure kayansa. Ta dube ni, ba ta tambayi komai ba. Sai da ana loda katifa ubanta ya riƙe wayar nan a ƙirji ya tsaya a ƙofa, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na gaya mata matsalar: in ya tafi da ita ni ba ni da inji, in ya bar ta shi ba shi da shi, kuma ko ta yaya babu mai karɓar wani.

"Yanzu duk wannan ne?" in ji ta. "Baba, ina wayar Hajiya? Ba mai kyamara ba ce?"

Na ce kira ba zai yi ba, mutumin ba ya ji.

"Wa ya ce ji za ku yi? Ba da hannu kuke surutunku ba?"

Ta kai wayar Hajiya shago aka zuba mata duk abin da ke cikin ta ubanta. Ta nuna mini inda zan danna sau uku, ta sa na maimaita kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ta shiga falon ta tsaya, ni ina ƙofar gida, ta kira. Sai ga fuskar Na-Rana a tafin hannuna, hanci ya cika wayar. Na jingina ta da bango, na ja baya, na shafa haɓa. Ya waiwaya da sauri yana neman heluma, mutumin da ya rasu tun kafin a rufe masaƙar. Dariyarsa ta fito ta waya ta kuma fito ta taga.

Yanzu wata na uku ke nan. Sha biyu da rabi nake karɓar wayar Hajiya, bayan ta gama faɗin abin da za ta faɗa a kan caji. Mai dogon zangon nan mun sallame shi, mun koma finafinan mutane. Ƙarfe biyu in kira, in miƙa aiki, in tafi masallaci. Da la'asar ya kira, Hajiya ta tashe ni da gefen mafici.

Sai dai ina zargin aikin rana ya fara lalacewa. Makon jiya muka kalli wani na sararin samaniya, mutane cikin kaya kamar buhun taki suna yawo a jirgi. Na bar su iskar shaƙarsu tana ƙarewa, hukuncina kuma shi ne duk wanda ya bar ƙasa da faɗinta ya hau can, shi ya jiwo. Da la'asar na tambayi ƙarshe. Na-Rana ya ce akta ya sauka lafiya a wata duniya mai duwatsu da sanyi, an ba shi ɗaki mai kyau, ana ba shi dankali safe da yamma. Komai akwai. Sai dai babu ɗanwake a duniyar, kuma babu wanda ya iya ƙarya da hannu.

Na ce a fim ɗin aka nuna haka?

Ya dafa ƙirji sau biyu.

Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, ta ce, "Malam, ga fim ɗin nan a hannunka, ka duba ƙarshen mana ka huta."

Na ce ba nawa ba ne. Na mayar mata da wayarta, na tashi na yi alwala.